Gano Tushen Kurakuran Shigar da Jadawalin Excel cikin Manhajojin Ƙididdiga

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan bayanan da ake yi wa nazarin ƙididdiga ba a cikin manhajar ƙididdiga ake fara rubuta su ba. Rajistar asibiti, sakamakon jarrabawa, amsoshin takardun tambayoyi da farashin kayan masarufi duk a jadawalin Excel ko makamancinsa ake tara su, sai an kammala sannan a ɗauko fayil ɗin zuwa SPSS, Stata, R ko SAS. Waɗannan ɓangarori biyu ba kallo ɗaya suke yi wa bayanai ba. Jadawali gurbi-gurbi yake kallo: wannan gurbi lamba ce, na ƙasansa rubutu, na gaba kwanan wata, kuma hakan bai dame shi ba. Manhajar ƙididdiga kuwa ginshiƙi take kallo gaba ɗayansa, tana buƙatar duk abin da ke cikinsa ya zama nau'i ɗaya. Daga wannan saɓani ne akasarin kurakuran shigarwa suke tasowa.

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa warware irin wannan matsala yana farawa ne da gano zangon da ɓarnar ta auku, domin zangon ne ke nuna ko za a iya maido da abin da ya lalace ko kuwa ya tafi ke nan. Takardar ta kuma bambanta kuskure mai ƙara, wanda manhaja ke sanarwa, da kuskure na shiru, wanda ke wucewa cikin sakamako ba tare da gargaɗi ba. A nan, "layi" na nufin jerin da ke kwance, "ginshiƙi" jerin da ke tsaye, "gurbi" kuma mahaɗarsu.

2.0 Waiwaye kan Ayyukan da Suka Gabata

Masana ƙwayoyin gado na cikin waɗanda suka fi bin diddigin wannan lamari, saboda su ne ya fi cutarwa. Zeeberg da abokan aikinsa (2004) sun nuna cewa Excel na mayar da sunayen wasu ƙwayoyin gado kwanan wata da kansa. Suna irin SEPT2 sai ya koma 2 ga Satumba, MARCH1 ya koma 1 ga Maris. Ziemann, Eren da El-Osta (2016) sun binciki maƙalu 3,597 daga mujallu 18 da aka buga tsakanin 2005 da 2015, suka tarar da irin wannan kuskure a 704, wato kusan ɗaya cikin biyar. Bayan shekara biyar, Abeysooriya da abokan aiki (2021) suka faɗaɗa binciken zuwa maƙalu 11,117, suka samu kuskuren a kashi 30.9 cikin ɗari. Abin ya kai ga kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna, HGNC, ya sanar a 2020 cewa ya sauya sunayen kansu: SEPT1 ya zama SEPTIN1, MARCH1 ya zama MARCHF1. Duk waɗannan maƙalu sun bi ta hannun masu tantancewa, wanda ke nuna cewa ƙwarewar mai nazari ba ta isa ta kare shi daga kuskuren shiru ba.

Wani rukunin ayyukan ya karkata ga rigakafi. Wickham (2014) ya shimfiɗa ƙa'idar cewa kowane abin aunawa ya samu ginshiƙinsa, kowane abin da aka lura da shi ya samu layinsa. Broman da Woo (2018) sun ba da shawarwari kan yadda za a tsara jadawali tun farko: kada a bar gurbi fanko, kada a cusa abu biyu a gurbi ɗaya, kada launi ya zama shi ne bayani. Shawarwarin suna da ƙarfi, sai dai sun fi amfanar wanda bai fara tattara bayanai ba. Mai nazarin da aka miƙa wa fayil ɗin da wasu suka cike wata da watanni baya buƙatarsa dabam ce. Haka kuma waɗannan ayyuka ba su taɓo matsalolin da rubutun Hausa ke haifarwa ba, kuma wannan giɓi ne takardar ke ƙoƙarin ragewa.

3.0 Hanyar Nazari

An dogara ne kan ɗabi'un da aka sani na manhajojin huɗu da na Excel, tare da al'amuran da aka riga aka wallafa. An kasa tafiyar bayani zuwa zango uku. Na farko shi ne lokacin bugawa ko buɗewa a Excel, inda jadawalin ke fassara abin da aka ba shi. Na biyu lokacin adanawa, inda ake zaɓar nau'in fayil. Na uku lokacin karantawa, inda manhajar ƙididdiga ke hasashen abin da kowane ginshiƙi ya ƙunsa. Kowane kuskure an auna shi da tambaya biyu: a wane zango ya faru, kuma shin asalin bayanin na nan cikin fayil ɗin? Misalan da ba a jingina su ga wani aiki ba misalai ne na bayani kawai.

4.0 Nazari

4.1 Fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi tayar wa ɗalibai hankali, amma shi ne mafi sauƙi. Dalilansa ba su da yawa: fayil ɗin na buɗe a Excel ya kulle, ko an sa masa kalmar sirri, ko hanyar da aka rubuta zuwa gare shi ba daidai ba ce, ko kuma ƙarshen sunansa ya saɓa da abin da ke ciki. Na ƙarshen yana yawan faruwa da fayilolin da ake saukewa daga rumbunan intanet, inda shafin HTML ko fayil ɗin CSV ke zuwa da sunan XLS. Buɗe shi da Notepad zai nuna gaskiya nan take. A SAS, hanyar DBMS=EXCEL na buƙatar SAS da Office su dace a zubin bit 32 ko 64, alhali DBMS=XLSX ba ta buƙatar hakan. Duk waɗannan a zango na uku suke, kuma babu bayanin da ya salwanta.

Iyakar girman fayil kuwa wani abu ne dabam. Tsohon zubin XLS layi 65,536 da ginshiƙi 256 kawai yake ɗauka, yayin da XLSX, wanda ya zo da Excel 2007, ke ɗaukar layi 1,048,576 da ginshiƙi 16,384. A watan Oktoban 2020 hukumar kiwon lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar suna ɗauke da cutar korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga rahoto ba. Sakamakon ɗakunan gwaji a lokacin ana zuba shi ne cikin zubin XLS, da ya cika sai sauran layukan suka zube. Fayil ɗin ya buɗu lafiya, kuma wannan ne ya sa ba a farga da wuri ba.

4.2 Fasalin jadawali

Jadawalin da aka tsara don idon shugaban ofis yakan zo da take a layin farko, kanun ginshiƙai a layi biyu, gurabun da aka haɗe, da jimla a ƙasa. Idan aka haɗe gurabu biyar aka rubuta sunan ƙaramar hukuma, Excel a gurbin farko kaɗai yake ajiye sunan, sauran huɗun fanko ne, kuma haka manhaja za ta karanta su. Layin jimla kuma yana shiga a matsayin mutum ko gari, ya ninka jimlar ginshiƙin. Maganin shi ne a faɗa wa manhajar iyakar gurabun da za ta karanta, kamar cellrange a Stata ko range a readxl na R. Sunayen ginshiƙai su ma suna da iyaka: harafi 32 a Stata da SAS, bayit 64 a SPSS. Tambayoyi biyu da suka fara da doguwar jimla iri ɗaya za su iya rikicewa bayan an datse su.

4.3 Hasashen nau'in ginshiƙi

Nan ne zuciyar matsalar. Tunda jadawali ba ya faɗin nau'in ginshiƙi, kowace manhaja hasashe take yi, kuma kowacce da hanyarta. PROC IMPORT na SAS layi 20 na farko yake dubawa a fayil ɗin CSV idan ba a sauya GUESSINGROWS ba. readxl layi 1,000 yake dubawa. Sababbin zubin SPSS rinjaye suke bi: idan kashi 95 cikin ɗari na ginshiƙin lambobi ne, sai a ɗauke shi na lambobi, ragowar su zama giɓi. Stata kuwa idan ta ga rubutu ko da a gurbi ɗaya, sai ta mayar da ginshiƙin duka rubutu.

A ɗauki ginshiƙin shekarun marasa lafiya mai layi 2,000. Ma'aikacin da ke cikewa ya ci karo da jariri a layi na 1,450, ya rubuta "wata 8", can gaba kuma ya rubuta "ba a sani ba". Stata za ta ƙi lissafa matsakaici, mai nazari ya tsaya ya duba. readxl zai ba da gargaɗi ya bar gurabun fanko. SPSS ma za ta bar su fanko, ta fitar da matsakaici mai kyan gani. Sai dai waɗanda suka faɗi ba da ka suka faɗi ba, jarirai ne, domin su ne shekarunsu ba sa rubutuwa da cikakkiyar lamba. Matsakaicin shekaru zai haura, kuma duk wani nazari kan ƙananan yara zai rasa mafi rauninsu. Saboda haka ƙin amincewar Stata ya fi alheri ga mai bincike, kuma amfani da zaɓin force na umarnin destring kafin a ga abin da ya hana juyawar kuskure ne babba. Abin da ya dace shi ne a jero gurabun da suka ƙi zama lamba, a yanke hukunci kan kowane iri, a rubuta hukuncin.

Akwai wasu tarkuna guda uku masu alaƙa da wannan. Umarnin read.csv na R yana ɗaukar haruffan NA a matsayin giɓi. Lambar ƙasar Namibiya ke nan, kuma a tsarin ISO 3166-2 lambar jihar Nasarawa ita ce NG-NA, don haka jadawalin da ya taƙaita jihohi da harufa biyu zai iya rasa jihar baki ɗaya. Na biyu, lambobin da ake sawa a madadin "babu amsa", irin 99 ko 999, suna shiga lissafi a matsayin ƙima ta gaske idan ba a sanar da manhajar ba. Na uku ya shafi tsofaffin rubutattun umarni: kafin R 4.0.0 na 2020, rubutu yana shigowa ne a matsayin rukuni, kuma juya shi kai tsaye zuwa lamba yana ba da lambar rukunin maimakon ƙimar da aka rubuta.

Alherin wannan rukuni shi ne duk a zango na uku yake. Asalin abin da aka rubuta na nan a fayil, sake karantawa kawai ake buƙata.

4.4 Kwanan wata

Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda ido ke ganinsa, ƙidayar kwanaki yake ajiyewa. Ranar 1 ga Janairun 2024 a wurinsa 45292 ce. Idan wannan lamba ta bayyana a manhajar ƙididdiga, ba a yi asara ba, mafarin ƙidaya kawai za a daidaita. R daga 1 ga Janairun 1970 yake farawa, Stata da SAS daga 1 ga Janairun 1960, SPSS kuma daƙiƙoƙi take ƙirgawa daga 14 ga Oktoban 1582. Mafarin da ake ba R don lambobin Excel shi ne 30 ga Disamban 1899, saboda Excel ya gaji kuskuren Lotus 1-2-3 na ɗaukar 1900 a matsayin shekara mai 29 ga Fabrairu. Akwai kuma tsarin 1904 na tsofaffin kwamfutocin Mac, wanda ya bambanta da kwana 1,462. Duk ginshiƙin da ya goce da shekara huɗu da kwana ɗaya daga nan matsalarsa take.

Wadda ta fi wuya ita ce musayar rana da wata. A Nijeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. Idan aka buɗe CSV a irin wannan kwamfuta, 03/04/2023 zai koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, shi kuwa 25/04/2023 zai tsaya a matsayin rubutu tunda babu wata na 25. Cikin kwanakin shekara, 144 ne ranarsu ba ta wuce 12 ba. 12 daga ciki rana da wata ɗaya ne, don haka 132 ne ke juyewa shiru. Alamar ganewa tana bayyane ga wanda ya san ta: a ginshiƙi ɗaya wasu kwanakin sun jingina dama, wasu hagu. Wata alamar ita ce a ƙirga ranakun da suka shigo a ga babu wadda ta haura 12. Muddin ba a taɓa ginshiƙin da hannu ba, ana iya juya su. Idan mutane biyu masu saiti dabam-dabam suka cike fayil ɗaya, to sai an koma takardun asali. Rubuta kwanan wata bisa ISO 8601, wato 2023-04-03, ko raba shekara da wata da rana zuwa ginshiƙi uku, yana kawar da shubuhar.

Irin wannan fassara ce ke cin rukunin shekaru. Wanda ya buga 5-10 yana nufin yara 'yan shekara biyar zuwa goma, Excel kuwa kwanan wata ya gani.

4.5 Lambobin shaida

Lambar waya, lambar asusun banki da lambar katin asibiti sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma, ba a tara su ba a raba su. Excel bai san haka ba. Lambar wayar Nijeriya mai alƙaluma 11 da sifili take farawa, sai ya jefar da sifilin. Haka yake yi wa lambar asusu mai alƙaluma 10 idan sifili ne a gabanta. Wannan yana gyaruwa tunda an san tsawon lambar. Idan lamba ta kai alƙaluma 12, kamar lambar waya da aka sa wa 234 a gaba, sai ya nuna ta a taƙaice da alama irin E+12. A cikin XLSX cikakkiyar lambar na nan a ɓoye, amma CSV abin da ke bayyane yake adanawa, don haka da an adana, wutsiyar lambar ta tafi. Abin da ya wuce alƙaluma 15 kuwa tun a zango na farko Excel ke mayar da ragowar sifili. Illar tana fitowa lokacin haɗa fayil biyu: mutane dabam-dabam su zama masu lamba ɗaya, ko mutum ɗaya ya ƙi haɗuwa da kansa. Tun 2023 Microsoft ya ƙara zaɓin kashe wannan juyawa a sababbin zubin Excel, amma zaɓin ba ya maido da abin da ya riga ya lalace.

4.6 Haruffa masu ƙugiya da hamza

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsarin Windows-1252, haka ma alamar naira. Daga nan alamomi biyu ke fitowa, kuma bambanta su yana da muhimmanci ƙwarai. Idan "ƙ" ya bayyana a matsayin Æ™, ko "ɗ" a matsayin É—, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau: da UTF-8 aka adana shi, aka karanta da wani tsari. Sake karantawa da UTF-8 zai gyara komai. Idan kuwa alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, aka ga ?an?ara a inda aka rubuta Ƙanƙara, to an adana ne da CSV na gargajiya, harafin ya mutu a zango na biyu, sai an koma XLSX an sake adanawa da zaɓin CSV UTF-8. Shi ma wannan zaɓi yana sa bayit uku a farkon fayil, waɗanda kan maƙale a sunan ginshiƙin farko; a R ana kawar da su da fileEncoding="UTF-8-BOM". Stata daga zubi na 14 ta koma Unicode, R kuma a Windows daga 4.2.0 na 2022.

Hamza tana da nata rikicin ta fuska biyu. Excel yana ɗaukar hamzar da ta zo a farkon gurbi a matsayin umarnin cewa abin da ke biye rubutu ne, sai ya haɗiye ta. Wanda ya buga 'Yan Awaki, Yan Awaki zai samu. Umarnin read.table na R kuma yana ɗaukar hamza a matsayin buɗe zance. Da ya iske Jama'are ko Mai'adua sai ya ci gaba da haɗiye layuka har ya sami wata hamzar da zai rufe da ita, layuka da dama su dunƙule cikin gurbi ɗaya. read.csv ba shi da wannan ɗabi'a. Ƙari a kan haka, hamza miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya haruffa biyu ne a wurin kwamfuta, ko da ido bai raba su ba.

Sakamakon duka shi ne rarrabuwar rukuni. Gari ɗaya ya fito sau huɗu: da ƙugiya, babu ƙugiya, da alamar tambaya, da kuma tazara a ƙarshen suna.

4.7 Fayilolin da suka tsallaka iyaka

Binciken da ya haɗa Katsina da Maraɗi, ko Sakkwato da Ƙonni, yana haɗa saiti biyu. Kwamfuta mai saitin Faransanci da waƙafi take raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, ta rubuta 12,5, don haka CSV ɗinta da waƙafi mai ruwa yake raba ginshiƙai. Idan aka karanta shi da saitin Ingilishi, ko dai komai ya taru a ginshiƙi ɗaya, ko ginshiƙai su tsage a tsakiyar lamba. read.csv2 an yi shi ne don wannan. Tazarar da ke raba dubbai a saitin Faransanci ba tazarar yau da kullum ba ce, shi ya sa umarnin share tazara kan bar ta, ginshiƙin kuɗi ya ƙi zama lamba. Mafi haɗari ita ce 1,250, wadda a Kano dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ce, a Damagaram kuma ɗaya da kwata.

4.8 Tsarin tantancewa

Tunda kuskuren shiru ba ya sanar da kansa, dole a je a neme shi, kuma jerin binciken yana bin zangunan ne daga baya zuwa gaba. Ana farawa da ajiye kwafin fayil ɗin asali wanda ba za a taɓa ba. CSV kuma ba a buɗe shi da danna sau biyu, domin buɗewa da adanawa kaɗai sun isa su jawo ɓarnar da aka bayyana a 4.4 da 4.5. Daga nan a shigo da dukkan ginshiƙai a matsayin rubutu, da allstring a Stata ko col_types="text" a readxl, sannan a juya su ɗaya bayan ɗaya da rubutaccen umarni. Wannan ya fi jinkiri, amma yana ɗauke hasashe daga hannun manhaja ya mayar da shi hannun wanda ya san bayanan.

Bayan juyawa ana gwada abu huɗu da fayil ɗin asali: yawan layuka, yawan giɓi a kowane ginshiƙi kafin juyawa da bayanta, jimlar ginshiƙi ɗaya ko biyu na lambobi, da ƙima mafi ƙanƙanta da mafi girma. Duk giɓin da ya ƙaru bayan juyawa bayani ne da aka zubar, kuma sai an san ko na wane ne. Ginshiƙan rukuni ana auna su da abin da aka sani daga waje: jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Nijeriya 774, don haka idan teburin ƙidaya ya nuna 51 a Kano, bakwai daga ciki bambancin rubutu ne. Inda gwajin ya nuna ɓarnar ta faru a zango na uku, umarnin karantawa ake gyarawa. Inda ta faru a na biyu, a sake fitar da fayil ɗin daga XLSX. Inda ta faru a na farko, babu umarnin da zai taimaka, sai a koma ga takardun da aka cike a fili ko ga na'urar da aka tattara bayanan da ita, a kuma rubuta adadin gurabun da aka gyara da dalilin gyaran cikin sashen hanyar bincike na rahoton.